Askin da Ya Ɓoye Ƙullutu

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Baba Mai Aski kansa ya san mutumin gwani ne wajen rufa asiri. Idan sanƙo ya fara leƙo maka ta tsakar ka, zai lallaɓo gashin gefe ya kwantar a kai, sai ka yi wata guda matarka ba ta farga ba. Idan kunnuwanka sun cika buɗewa, ya san inda zai bar gashi ya cika don su daina tsone wa mutane ido. Tabon jifa, tabon ƙuna, makeron da ya cinye rabin ƙeyar yaro, kowanne yana da dabarar da yake bi da shi. Ba ya tambayarka yadda aka yi ka samu, kai ma ba sai ka faɗa ba. Shi a wurinsa wannan mutunci ne, kuma a cikin shago mutuncin ne. Abin haushin shi ne bai taɓa iya barin halin a shago ba idan ya tashi aiki.

Shagon ɗaki ɗaya ne, a matse tsakanin mai walda da mai sayar da lemon kwalba. Akwai benci na masu jiran layi, da kanta inda kilifa da almakashi da kwalbar sifirit suke jere, da babban madubi wanda ya tsage ta kusurwa tun shekarun baya. Maimakon ya canza madubin, sai ya manna hoton wani samfurin aski a kan tsagar, kuma har yau akwai masu zuwa shagon da za su rantse madubin lafiyarsa ƙalau. A tsakiya kujerar take, tsohuwa ta ƙarfe mai juyawa, wadda ya saya a gwanjo tun yana da ƙuruciya.

Kujerar nan ce ta sa iyaye mata suke tsallake shagunan samari masu kiɗa su kawo masa 'ya'yansu. Yaro ƙarami ba ya kai madubi, don haka Baba yana da wani katako da yake gittawa a kan hannuwan kujerar ya ɗora shi. Idan yaro ya fara kokawa da kilifa, sai ya raɗa masa a kunne cewa in ya zauna lafiya akwai jirgi. Jirgin ba wani abu ba ne, juyi ne. In an gama aski sai ya zare katakon, ya zaunar da yaron can cikin ramin kujera, ya murza ta. Yaron da ya shigo yana ihu sai ya fita yana tangaɗi yana dariya. Doka ɗaya ce da shi a kan jirgi, kuma ya fi shekara talatin bai karya ta ba: sai an gama aski, sai an zare katako.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, yana kiranta Uwata. Tana shekarar ƙarshe a makarantar kwana ciwo ya kwantar da mahaifiyarta. Matar ta so a gaya wa yarinyar, shi ya ce a bari ta gama jarrabawa, me za a tayar mata da hankali a kai. Duk sanda ta samu aron waya ta kira, yana da amsa a baki. Mamanki ta fita unguwa. Mamanki tana barci. Mamanki mura ce ta shaƙe mata murya. Ya kwantar da maganar lumui kamar yadda yake kwantar da gashi, har ranar da yarinyar ta sauko daga mota da akwatinta ta tarar da takalman masu gaisuwar rasuwa a ƙofar ɗaki.

Ba ta yi masa rashin kunya ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ci gaba da durƙusawa tana gaishe shi, tana wanke masa tawul ɗin shago, tana kai masa abinci a kan lokaci. Amma hira ta mutu a tsakaninsu. Idan ya ce mata ana ruwa a waje, sai ta leƙa ta taga tukuna. Haka ta auri wani direban babbar mota wanda ya fi kwana a hanya, haka ta haihu, shi kuwa Baba yana nan yana faɗa wa mai walda cewa yaran zamani riƙo gare su. Ko sau ɗaya bai taɓa buɗe baki ya ce mata ya yi kuskure ba, domin har cikin ransa yana ganin taimakonta ya yi.

Jikan ne ya sassauta abin. Da yaron ya shiga shekara ta biyar, ta samu aiki a wani kamfanin ɗinka kayan makaranta, kuma ranar Asabar suna yin rabin wuni, ba ta da inda za ta bar shi. Ta riƙo hannunsa har ƙofar shago.

"Baba, zan riƙa bar maka shi ranar Asabar," in ji ta. "Abu ɗaya nake roƙo. Ko ƙaya ce ta soke shi, ka gaya mini."

"Haba Uwata, sai ka ce wani baƙo za ki bar wa?"

"Ka dai gaya mini, Baba."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ya gane sarai abin da take nufi, kuma ya gane cewa wannan ce ƙofa ta ƙarshe da za ta buɗe masa.

Tun daga nan Asabar ta zama ranar Baba. Da sassafe zai share shago ya yayyafa ruwa, ya tsaya a bakin titi yana leƙen motocin haya. Yana kiran yaron Abokina, yaron yana kiransa Kaka, suna tsokanar juna a kan wanda ya fi wani girman kai. Yaron ne mai riƙe hoda, shi ne mai sanar da wanda layi ya zo kansa, kuma ba ya jin kunyar gaya wa babban mutum cewa kansa ya yi kama da tukunya. Idan uwar ta zo ɗaukarsa da rana, takan zauna a benci ta ɗan huta. Wata rana har ta ba shi labarin shugabar aikinsu tana dariya, Baba ya juya baya yana goge kilifar da ya riga ya goge, don kada ta ga idonsa.

Ranar da abin ya faru babu kowa a shago, hantsi bai dubi ludayi ba. Ranar askin yaron ce. Baba ya gitta katako, ya ɗora shi, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, sai aka ɗauke wuta kafin ya kunna kilifa.

"Kaka, a yi jirgi kafin a kawo wuta."

"Jirgi sai an gama aski, Abokina. Ka fi kowa sani."

"Ƙarami. Ɗan ƙarami kawai."

Da ɗan wani ne da bai ko saurare shi ba. Ya sa hannu ya ɗan murza kujerar, yaron yana can sama a kan katako yana ƙyalƙyala dariya yana cewa a ƙara. Ya ƙara. Katakon ya zame ta gefe guda, yaron ya tafi da baya, ƙeyarsa ta daki siminti.

Ƙarar ba ta da yawa. Yaron ya tsandara kuka nan take. Baba ya sure shi ya rungume, ya leƙa maƙwabta ya karɓo kwalbar lemo mai sanyi, ya naɗe ta a tawul ya danna a wurin. A bayan kunnen dama, ɗan sama kaɗan, ƙullutu ya taso kamar rabin ƙwai, da 'yar ƙujewa da ta tsattsafo da jini. Ya goge da sifirit. Ya ce yaron ya faɗi sunan mamansa, ya faɗa. Ya ce ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, ya taka lafiya. Kafin kwalbar ta huce kukan ya koma ajiyar zuciya, har yaron ya fara tambaya ko shi zai shanye lemon.

Wayar tana nan a kan kanta kusa da almakashi. Baba ya daɗe yana kallonta. Ya hango fuskar 'yarsa, ya hango ta tana tambaya yadda aka yi yaro ya faɗo daga kujerar da shi da kansa yake tsaye a kai. Ya hango Asabar mai zuwa babu kowa. Yaron kuma ga shi garau yana tsotsar lemo, to me za a tayar mata da hankali a kai? Hannunsa ya wuce wayar ya ɗauki almakashi.

A gaskiya bai taɓa yin aski mai kyau kamar na ranar ba. Da ƙasa-ƙasa yake yi wa yaron, ranar sai ya bar gashin baya da cika. Ya saisaye ɓangaren hagu daidai tudun da ƙullutun ya yi a dama, ya bi da mataji yana tayar da nan yana kwantar da can, har ƙeyar ta fito a daidaice ta kowane gefe. Da aka kawo wuta ya gyara gaban goshi, ya fitar da layin wuya tsaf. Ya ja da baya ya duba ta madubi, ya duba ta gefe. Shi kansa da ya san wurin sai da ya nema.

Sannan ya durƙusa a gaban yaron.

"Abokina, faɗuwar nan sirrinmu ce. Sirrin maza. In Mama ta ji, ba za ta ƙara kawo ka wurin Kaka ba. Kana so a daina kawo ka?"

Yaron ya girgiza kai da ƙarfi, idonsa ya kawo ruwa. Baba ya cika masa aljihu da alewa.

Da uwar ta zo, ta tsaya ta kalli ɗanta ta ce sabon askin ya yi masa kyau. Ta tambaya ko lafiya suka wuni. Baba ya ce lafiya lau, sai dai surutu. Yaron ya riƙe gefen zanenta yana kallon ƙasa.

La'asar ta yi yana tsakiyar yi wa wani gyaran fuska wayar ta yi ƙara. 'Yarsa ce, muryarta a daskare take. Ta faɗi sunan asibitin ta ce ya zo yanzu, ta kashe. Ya bar mutumin da kumfa a rabin fuska ya fita ko shago bai rufe ba.

Ya same su a wani ƙaramin ɗaki mai labule. Yaron yana zaune a kan gado yana wasa da murfin biro, da ya ga kakansa sai ya sunkuyar da kai. Uwar tana tsaye jikin bango ta harɗe hannu, idonta ya yi ja. Likitar mace ce mai ɗan shekaru, da gani ta gaji. Ta nuna masa kujera.

"Baba, kai ne kake tare da shi da safe? Ya yi amai bayan sun koma gida, ya ce kansa yana ciwo. Na samu kumburi a ƙeyarsa. Mahaifiyarsa ta ce bai faɗi ba, shi kuma ya ƙi magana. Ni ba faɗa zan yi ba, so nake in san abin da ya faru."

Baba ya buɗe baki, tsohon halin ya taso masa. Sai ya ga yaron ya ɗago yana satar kallonsa, yana jiran ya ji ko har yanzu sirri ne. Nan ya faɗi gaskiya, katako da jirgi da komai.

Likitar ta yi ta jero tambaya, yana amsawa. Tsayin wurin ya kai ina? Ya nuna ƙugunsa. A kan me ya faɗi? Ya suma, ko ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya yi kuka? A'a, nan take ya yi kuka. Ya gane mutane bayan nan, ya yi tafiya daidai, jikinsa bai yi fizge-fizge ba? Me ya ci? Da ya ambaci lemo da alewa cike da aljihu, likitar ta ɗan taɓe baki. Ta sake haska idon yaron da 'yar fitila, ta leƙa kunnuwansa da hancinsa, ta sa ya bi yatsanta da ido, ya taka a layi ɗaya zuwa ƙofa.

"To, alhamdu lillahi," in ji ta. "Ƙaramin bugu ne. Bai suma ba, aman sau ɗaya ne bai sake ba, ga shi yana wasa. Da na ji wannan bayanin tun farko da tuni kun tafi gida. Har na fara tunanin tura shi hoton kai, saboda kumburin da ba a san asalinsa ba dole in ɗauke shi da nauyi, kuma hoton nan ba a son yi wa yaro shi sai da dalili." Ta juya ga uwar. "Ki sa masa ido yau da gobe. Ya huta, ban da guje-guje. Barci ba laifi ba ne, ki dai tabbata in kin tashe shi yana tashi kamar kullum. In aman ya dawo, ko ciwon kan ya ƙaru, ko kika ga yana tangaɗi, ko magana ta rikice masa, ko wani ruwa ya fito ta hanci ko kunne, kada ki jira komai, ki dawo da shi."

Likitar ta shafa kan yaron, yatsunta suka tsaya a wurin.

"Amma wanda ya yi askin nan ya iya aikinsa. Na duba kan nan da ido ban ga komai ba, sai da na bi shi da yatsa a hankali."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, ba ta ma san sana'arsa ba. A duk shekarun da ya yi yana aski ba a taɓa yabonsa a gaban 'yarsa ba sai ranar, kuma ya gwammace da marinsa aka yi.

A barandar asibitin 'yarsa ta tsayar da shi, ta tura yaron ya zauna a benci can nesa kaɗan. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka san abin da aka tambaye ni kafin ka zo? An tambaye ni wa yake dukansa a gida. An tambaye ni ko babansa yana da zafin hannu. Ina tsaye ina rantsuwa cewa bai faɗi ba, ina cewa yana wurin kakansa, da ya faɗi da an gaya mini."

"Uwata, ai kin ji likita. Ba komai ba ne. Na duba shi, na ga lafiyarsa..."

"Na sani. Yara suna faɗuwa, Baba. A gabana ma ya faɗo daga gado. Da ka kira ni da na ce ka sa masa ruwan sanyi ina zuwa, shi ke nan." Ta share ido da bakin mayafi. "Likita ta tambaye shi, ni na tambaye shi, na lallashe shi har na gaji. Kansa yana ciwo, yana kuka, yana kallona yana cewa sirrin maza ne. Ɗan shekara biyar. A wuni ɗaya ka koya masa."

"Tsoro na ji kada ki hana ni shi."

"Wancan karon ma tsoro ka ji?"

Ta kama hannun ɗanta suka sauka matakala, yaron yana waiwaye.

Yaron ya warke sarai. Kumburin ya sace cikin 'yan kwanaki, ko ciwon kai bai sake yi ba. Wannan ne ma ya fi ci wa Baba rai, domin da farko ya ɗauka lafiyar yaron za ta wanke shi. Asabar ta zo ya share shago ya yayyafa ruwa ya tsaya a bakin titi har rana ta take. Ta biyu ma haka. Daga baya ya ji cewa wata maƙwabciyarta take bar wa yaron. Ya yi ta faɗa wa mai walda cewa an mayar da abu kaɗan babba, mai walda yana jin sa yana gyaɗa kai, har ran nan ya gaji ya ce, "Baba, ni fa da ni ne ita, da abin da zan yi ke nan." Kwana biyu ba su gaisa ba. A na uku Baba ya kira shi ya ce ya zo ya liƙe masa gindin kujerar. Tun daga ranar ba ta ƙara juyawa ba, kuma iyaye mata suka fara wucewa da 'ya'yansu shagunan samari, tunda babu jirgi.

'Yarsa ba ta yanke shi ba, kada a yi mata ƙarya. Tana kiransa a waya ta gaishe shi, tana aiko masa da abinci in ba ya jin daɗi. Ta ce ƙofarta a buɗe take duk ranar da ya so ganin jikansa. Ya ɗauki watanni yana fushi kafin kewa ta ci ƙarfinsa, ya sa rigarsa mai kyau ya hau mota ya je.

Yaron ya rugo ya faɗa jikinsa yana kiran Kaka. Baba ya rungume shi, kuma tun kafin ya gama amsa gaisuwa idonsa ya tafi inda ya saba tafiya. An yi wa yaron aski ƙasa-ƙasa sosai, har fatar kai tana haske. Aikin wani mai gaggawa ne, layin wuya ya karkace, an bar tsiron gashi a bayan kunnen hagu. A dama kuwa ga ɗan tabon nan fari, siriri, a fili, kowa ya zo wucewa zai gani.

Uwar ta kawo masa ruwa ta zauna a kujerar da ke fuskantarsu. Duk inda yaron ya ja shi a cikin ɗakin, tana nan. Suka taɓa hira sama-sama. Can hannunsa ya shiga aljihu da kansa ya fito da ɗan matajin da ba ya rabuwa da shi.

"Wa ya yi masa wannan aika-aikar? In kin bar gashin ya ɗan taru, Uwata, sau ɗaya zan bi ta wurin nan, ko ke ba za ki ƙara ganin tabon ba."

Ta dube shi ba tare da fushi ba.

"Bar shi haka, Baba. Ni nake cewa a yi masa ƙasa-ƙasa. Ina so in riƙa ganin komai."

Ya mayar da matajin aljihu. Yaron ya hau cinyarsa ya juya masa ƙeya, yana ba shi labarin makaranta.